Kafin Ki Kama Hanyar Dabaga da Fitilun Nan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba tunda sunan mahaifiyata aka sa mata, sai dai in ce Uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da samun aiki. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin sanyin rai, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki fita gidan nan lafiya ki dawo mana lafiya.

Na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. To, tun ranar da aka ce an tura ki aikin ungozoma a ƙaramar likita, wato asibitin ƙauyen nan da ke gaba da Dabaga, ni da ke ba mu yi zancen kirki ba. Na ce ba za ki je daji ke kaɗai ba, kika ce za ki je, mamanki ta shiga tsakani, na haƙura. Tun daga nan sai "ina kwana" da "lafiya lau". Ko makullin motata, kat-kat ɗin nan mai shiga daji, ta hannun mamanki na ba ki, bayan na ji cewa matan da haihuwa ta yi wa gardama a can, a amalanken jaki ake kawo su bakin hanya. Ni idan na buɗe baki, faɗa ke riga magana fitowa. Hannuna ya fi bakina hankali, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Motar tsohuwa ce amma ba ta da ha'inci. Na sa an duba cikinta, tayoyinta masu kyau ne. Abu ɗaya ya rage, fitilun gaba. Je ki dube su da rana. Sun yi rawaya, sun dushe, in kin shafa za ki ji kaushi kamar bayan tulu. Tun da kafaɗata ta hana ni tuƙi na ajiye ta a rana, ban kula da su ba. Kada ki kama hanya da su haka. Zan gaya miki dalili, kuma ki yi haƙuri da tsawon zancen tsoho.

Na daɗe ina jan kamiyo tsakanin Agadas da Damagaram kafin in mallaki tawa motar. Fitilun manyan motocin da na saba da su na madubi ne, ka watsa musu ruwa ka share da tsumma, magana ta ƙare. Da na sayi kat-kat ɗin nan, kina ƴar ƙarama lokacin, na fara ɗauko albasa da fasinja daga garakan Dabaga, ban san fuskar fitilunta roba ce ba. Rana tana cin ta, rairayin hanya yana kankare ta kaɗan-kaɗan. Abin ba ya zuwa rana ɗaya, shi ya sa ido ke sabawa. Mamanki ce ta fara lura. Mun dawo daga suna da magariba, ta ce, "Malam, motar nan kamar da aci-balbal take tafiya." Na yi dariya, na ce hanyar Dabaga na san ta kamar yunwar cikina, ko ido rufe zan kawo ta gida.

Ba a jima ba, ƙarshen damina, na yi lattin lodi. Muka yi sallar magariba a bakin korin Telwa, inda ruwan duwatsu ke bi idan an yi sama, muka taso duhu yana shigowa. Ina da buhunan albasa a baya da fasinja a ciki. Ban ga komai ba, Uwata. Sai da dogayen ƙafafu suka tsaya a gabana kamar an dasa su, sannan na taka birki. Na makara. Taguwa ce, da ɗanta yana bin ta. Na karya mata ƙafar gaba.

Mai ita yana tafe a baya da sanda, wani Ba'abzine mai suna Ahmudu, ban taɓa ganinsa ba kafin ranar. Na fito ina jiran zagi ko duka, na shirya wa duka biyun. Bai ko dube ni ba. Ya durƙusa ya shafa ƙafar, ya yi mata magana da harshensu, sannan ya ɗago ya ce da Hausa, "Kana da wuƙa mai kaifi? Kada ta wahala." Ni na kawo wuƙar, ni na taimaka aka danne wuyanta aka yanka ta. Ɗan yana zagaya mu yana kuka. Har yau idan na ji kukan ɗan raƙumi a kasuwar dabbobi sai in sake hanya.

Da aka gama, ya wanke hannu da rairayi, ya zo gaban motar, ya tara tafinsa a gaban fitilar da ke kunne. Hasken ko tafin bai cika ba. Ya ce, "Da wannan kake ɗaukar mutane?"

Na ce, "Na san hanyar ne."

Ya ce, "Hanyar ka sani. Wanda zai tsaya a kanta yau fa, ka san shi?"

Dattawa suka zauna daga baya aka sasanta, na sauke abin da aka ɗora mini. Ba wannan ya dame ni ba. Da na je rugarsa na tarar da ƴaƴansa ƙanana, ashe nonon taguwar nan ne abincinsu na safe da na dare. Na dawo na faɗa wa mamanki, ba ta ce mini "ai na gaya maka" ba. Ta tashi ta kwance akuyarta mai nono, wadda kuke shan nononta, ta ce in kai musu. Kin yi kukan akuyar nan sosai, muka ce miki ta tafi ganin danginta.

Don haka, Uwata, duk abin da ke lalacewa a hankali, ki ji tsoronsa fiye da wanda ke karyewa farat ɗaya. Kuma idan wani ya ce miki abinki ya ragu, kada ki amsa masa da gwanintarki. Tsaya ki duba. Gara ki duba ki tarar ba komai.

Bayan wannan sai na faɗa wani ramin, na gaggawa. Kunya ta hana ni barci, ina so fitilun su gyaru kafin gari ya sake zancena. A tasha kowa malami ne. Wani ya ce man goge haƙora, na gwada, suka ɗan yi haske, kafin sati ya zagayo sun koma gidan jiya. Sai wani shofar, direba irina, mai yawan surutu ya ce in sami diliyan, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, in shafa da tsumma. Ya rantse ya gani da idonsa a Arlit. Ban tambaye shi ko ya taɓa yi a tasa motar ba. Na shafa wa ta hagu gaba ɗaya. Wallahi nan take ta yi garau kamar ruwan rijiya, har na kira mamanki ta zo ta gani. Kafin la'asar ta yi fari fat, ta tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe. Ruwan ya cinye robar. Babu gyara, sai sabuwa, kuma irinta babu a garin nan lokacin. Motar ta zauna har aka samo mini wata fitilar daga Damagaram, masu garaka suka koma wa wani da lodinsu.

Kada diliyan, ko isansi, wato fetur, ko man birki su kusanci fitilun nan, ko wa ya rantse miki. Kuma duk wanda ya ba ki dabara, a mota ko a wurin aikinki, tambaye shi a hankali, "Kai ka taɓa yi da hannunka?" Idan ya fara da "na ji an ce", ki gode masa ki wuce.

Wanda ya koya mini hanyar gaskiya Lawali ne, baffanki Lawali mai fentin mota, wanda ke kawo muku dabino duk sallah. Tare muka taso a unguwa ɗaya. Da ya ji abin da na yi, ya zo gida da kansa da kayan aikinsa a leda, ya ce zai gyara mini ta dama don ta yi daidai da sabuwar. Ya wanke ta, ya jiƙa takarda mai kaushi, irin wadda suke goge jikin mota da ita kafin fenti, ya fara gurzawa. Ina tsaye a kansa. Ruwa mai rawaya yana gangarowa, ina jin daɗi. Da ya ɗauraye ya share, sai na ga fitilar ta yi fari, ko ƙwan da ke ciki ba a gani. Irin farin da na gani a wadda na kashe. Jinina ya hau. Maƙwabta suna zaune a ƙofar gida suna shan shayi, a gabansu na ce masa, "Lawali, ashe ɗayar da ta rage mini ka zo ka ƙarasa? In ba ka iya ba, wa ya aike ka?"

Ya dube ni. Ya matse takardar, ya ajiye ta a kan taya, ya ce, "Issufu, ba a leƙa tukunya tun ruwa bai tafasa ba a ce tuwo ya ɓaci." Ya ɗauki ledarsa ya fita. Ko shayin da aka miƙo masa bai karɓa ba.

Na kwana biyu ina cika ina batsewa. Mamanki ta bar ni sai da na huce, sannan ta ce, "Mutum ya bar garajinsa ya zo ya durƙusa a gaban motarka, ko ruwa bai nema ba, ka tsinka shi a gaban jama'a. In fitila ta mutu ana samo wata daga Damagaram. Lawali fa, daga ina za a samo maka?" Na sa hula na tafi garajin. Na tarar da shi yana aiki, na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na tsaya a rana har inuwata ta gajarta. Da na ce, "Na yi kuskure, ka yafe ni," sai ya ce, "A gaban mutane ka faɗa, a gabansu za ka janye." Haka aka yi. Muka dawo gida, na tara maƙwabtan nan, na faɗa da bakina. Sannan ya ce ba zai taɓa fitilar ba, ni zan ƙarasa da hannuna yana zaune yana shan shayinsa, don in san inda farin yake zuwa da inda yake tafiya.

Ke ma kina da irin zuciyata, kada ki musa, a wurina kika gada. Za ki yi aiki da mutanen da suka riga ki zama a wurin, tsofaffin unguwarzoma na ƙauye da masu shara da mai gadi. Idan kin ga abin da bai yi miki ba, tambayi inda aka dosa kafin ki yanke hukunci. In kuma bakinki ya riga ki, kada ki bar rana ta faɗi sau biyu ba ki je ba. Ni na yi sa'a Lawali mai yafiya ne.

Ga yadda ya koya mini, ki riƙe. Da safe ake yi, a inuwa, lokacin da robar ba ta ɗauki zafi ba. Ki wanke fitilar da sabulu har ƙurar ta fita, don ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin hannunki tana iya jan zane daga gefe zuwa gefe. Ki liƙe jikin motar da ke kewaye da ita da sikoc, tef ɗin nan mai mannewa, kada ki kankare fentin. Takardun gogewa iri uku ne, akwai lamba a bayan kowace, mai ƙaramar lamba ita ce mafi kaushi kuma da ita ake farawa. Ki jiƙa su a bokiti su yi laushi. Hannu ɗaya yana gurzawa, ɗayan yana zuba ruwa da buta, kada wurin ya bushe ko kaɗan. Kada ki danna da ƙarfi, kada ki yi ta zagaye. Da ta farko ki bi kwance, daga hagu zuwa dama. Ruwan zai fito rawaya, wannan mataccen saman ne ke fita. Idan ya koma fari kamar tsinkakken nono, kin iso lafiyayyar roba. A nan ne fitilar za ta yi farin da ya sa na zagi abokina. Kada gabanki ya faɗi. Ɗauki ta biyu ki bi tsaye, daga sama zuwa ƙasa, har zanen ta farko ya ɓace. Sannan ta uku, mai laushi kamar ganye, ki sake bi kwance. Kada ki tsallake ta tsakiya don gajiya, na taɓa yi, sai da na koma farko. Daga nan akwai wani farin mai a gwangwani da masu fenti ke fito da sheƙin mota da shi. Ki ɗiba kaɗan a tsumma mai laushi, tsohuwar rigar auduga ta fi, ki yi ta murzawa. A nan kam zagaye ake yi. Hannunki zai gaji. Sai kawai ki ga ƙwan fitilar ya leƙo, kamar an ɗage labule.

Saura abu ɗaya, kuma shi ma na ci karo da shi. Robar da kika goge tsirara take, in ba a rufe ta ba ranar Agadas za ta mayar da ita rawaya kafin wata damina. Ana fesa mata barni, ruwan nan marar launi da ake ɗorawa a kan fenti, mai jure rana. Karon farko da na yi ni kaɗai, na fesa da yamma iska tana kaɗawa. Da safe na tarar rairayi ya manne a fuskar fitilar kamar kantun riɗi. Mamanki ta yi dariya har da riƙe ciki, Lawali kuwa ya shekara yana ba da labarin. Ki jira iska ta kwanta, ki yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar, ki fesa sama-sama daga nesa kaɗan, ki bari ya sha iska, ki ƙara. Kada yatsa ya taɓa sai washegari. Bayan haka, duk inda za ki ajiye ta, juya mata baya ga rana, ko ki rufa mata tsohon zane a fuska. In kuma kin ga gumi daga cikin fitilar, wannan ba na gogewa ba ne, ruwa ne ya sami kafa, sai a buɗe murfin baya ta bushe a toshe wurin.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyi, da shi ya kamata in fara amma na kasa. Kina aji biyar ko shida a lakwal, wata safiya ina wannan aikin a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, kika zo kika tsuguna kusa da ni. Ba wanda ya sa ki, kika ɗauki buta kina zuba mini ruwa daidai inda hannuna yake, ba ki yi yawa ba, ba ki yi kaɗan ba. Can kika ce, "Baba, in gwada?" Na ce, "Tashi ki je wurin mamanki, wannan ba aikin mata ba ne." Kika ajiye butar a hankali, kika tafi. Ba ki yi kuka ba. Ba ki kuma sake zuwa kusa da motar ba idan ina wurin. Yayyenki maza da na yi ta ja da ƙarfi, ba wanda ya so ƙarfe, ɗaya yana ɗinki, ɗaya yana can wurin haƙar zinariya. Ke da kika zo da ƙafarki na kora. Tuƙi ma a wurin wasu kika koya da guminki, sai ganin takardar izinin tuƙin na yi a hannun mamanki, ni da na yi rayuwata a bayan sitiyari.

Da na ce ba za ki je daji ba, na ɗauka tsoro ne kawai irin na uba. Tsoron yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na zauna na yi tunani, na ji muryata ta yi kama da ta ranar butar nan. Ban so in maimaita. Idan Allah ya ba ki ƴaƴa, ko aka ba ki ɗaliba a wurin aiki, duk wanda ya tsuguna kusa da ke ya ce "in gwada?", ki matsa masa. Ko zai ɓata, ki matsa masa. Abin da zai ɓata bai kai abin da za ki rasa ba.

Sauran kaɗan ne. Kada ki kama hanya bayan magariba sai in rai ne a hannunki, kuma ko da rai a hannunki kada ki yi gudun da ya wuce inda haskenki ya tsaya, don mai naƙuda ba ta amfana da motar da ta kife. Kada ki tafi ke kaɗai, ɗauki mijin matar ko ɗan'uwanta. In kin tarar kori yana gudu, ki jira, ruwan dutse ba ya daɗewa amma ba ya wasa. Jarkar ruwa kada ta rabu da bayan motar. Ahmudu yana nan da ransa, ya tsufa, rugarsu ba ta da nisa da inda za ki zauna. Tun shekarar taguwar nan zumunci bai yanke tsakaninmu ba, cukun da kike ci tun kina yarinya daga gidansa yake zuwa. Na aika masa cewa kina tafe. Ki je ki gaishe shi da sukari da ganyen shayi, ki ce ke ce ɗiyar Issufu mai makauniyar mota, haka yake kirana har yau. Duk abin da ya taso miki a can, ƙofarsa ce ta farko.

An ce ran Asabar za ki tashi. Jiya na je wurin Lawali na karɓo takardun nan uku da gwangwanin mai da barni. Da na ce zan biya wani yaro ya yi aikin, sai na fasa. Ran Alhamis da hantsi zan sa a turo motar ƙarƙashin dogon yaro, in cika bokiti, in zauna a kan tabarma. In kina so, ki fito. Ke za ki riƙe takardar, ni zan riƙe buta. Na yi wa mamanki alkawari ba zan ɗaga murya ba, ta ce za ta zauna a bakin madafa ta ga ikon Allah. In kuma ba ki fito ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba, zan kira Lawali ya yi, motarki za ta tafi da haskenta ko ta yaya.

In za ki fito, kada ki sa atamfar kirki, ruwan yana ɓata tufa. Akwai tsohuwar rigar aikina mai ruwan bula, mamanki ta wanke ta, ta rage mata hannuwa daidai naki. Tana rataye a bayan ƙofarki.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga duk matar da ta zo gabanki. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da na dare da na baki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki gama da duniya lafiya. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ni ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Issufu
Agadas